Shatin Yatsanka a Jikin Jirgi

Zuwa ga Yaya Ishaku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya a duk inda kake. Ban san inda zan aika takardar nan ba, amma dole in gaya maka abin da na yi wa jirginka.

Ƙaramin kan jirgin ƙasan nan na katako da ka sassaƙa kafin ka shiga soja yana bisa kabad yadda ka bar shi, ba fenti. An gama yaƙi, abokanka sun yi ta sauka a tashar Kafanchan, kai shiru. Mama ta hana kowa taɓa shi. "Mai abu yana zuwa, shi zai gama abinshi," haka take cewa.

Daminar bana ɗakin ya yi yoyo. Katakon ya sha laima, ya tsage tun daga bututun hayaƙi, fumfuna ta fara cin ƙafafun. In aka ƙara wata damina, sai dai mu share gari. Na kuma san ranar da na shafa masa fenti, Mama za ta ɗauka na fid da rai da kai ne. Tsoro ya hana ni sakat, Yaya.

A kanti an nuna mini foti, kwaɓin nan da ake liƙa gilashin taga da shi, don cike tsagar, na ƙi. Kai kake cewa mai ne a cikinsa, ba ya bushewa, fenti zai kware. Na yi irin taka: na tankaɗe garin katako da rariyar Mama, wadda take bin ka da muciya a kanta, na kwaɓa da gam. Mai kanti ya nace in ɗauki jan fentin ƙarfe na shafin farko, wai shi ake yi wa jirgin gaske. Kaurinsa zai binne 'yan ƙusoshin da ka zana da allura. Na zaɓi fari, na tsinka shi da kananzir.

Na cike tsagar a ɓoye, ta bushe, na goge. Ranar zumuntar mata, Mama na fita coci na ɗauki burushi. Ban kai rabi ba na ji takunta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ko gyalenta ba ta cire ba. Ga fenti na bushewa, in na tsaya zai bar sawu. Na ci gaba, ban ɗaga kai ba.

Da na juyo gefen hagu sai na ga ramin da ka taɓa cikewa. Ba ka amfani da wuƙa, da babban yatsa kake dannawa, kuma ba ka samu damar goge wurin ba. Shatin yatsanka na nan, layi-layi.

Mama ta riƙe mini hannu da ƙarfi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora nata yatsan a kai. Ta ce, "Shafa sauran, kar ruwa ya cinye mini. Nan kam ki bar mishi."

Yanzu jirginka fari fat, sai wuri ɗaya kamar girman kwabo. Ban sayi launin ƙarshe ba. Baƙi ko kore, kai za ka zaɓa.

Ubangiji ya tsare ka in kana raye, ya nuna maka hanyar gida. In kuma kana wurinsa, ya ba Mama ƙarfin ji.

Ƙanwarka mai kewarka,
Rifkatu