Hadiza ta tafi da masu cin tuwona

Zuwa ga ƙanwata Rabi a Damagaram.

Ina gaishe ki da kyau. Ya maigida, ya yara? Ƙafar nan ta yi sauƙi? Mu nan Yamai lafiya, sai abu guda.

Matan da ke taya ni tuwon sayarwa a Zongo, kowacce da halinta. Gambo sai an yi mata faɗa take himma. Hadiza kuwa, wadda kika aiko mini, sai da yabo. Tun da Turawa suka tafi yaranmu suka cika biro, wato ofishin gwamnati, kullum suka zo cin rana sai in ce, "Wannan miya hannun Hadiza ce."

To, ran Laraba ta kafa tukunyarta a ƙofar biron, ko sallama ba ta yi mini ba. Duk sun bi ta. Ɗayansu har ya ce, "Inna, ai ke kika ce ita ce mai miyar."

Jiya miyar Gambo ta yi daɗi. Na buɗe baki zan yaba, na kasa. Ki roƙa mini Allah ya wanke zuciyata, kar in cuci baiwar Allah da laifin wata.

Ki gaida su Hajara.

Yayarki Amina, ta hannun malam mai rubutu.