Wasiƙar da Ba Tawa Ba

Daren Laraba, damina, 2005

Yau littafi na biyu na labarin soyayyar da muke bi ya iso shagonmu na ɗinki. Kafin a taɓa labarin, bayan littafin aka buɗe, inda marubuciyar ke buga wasiƙun masu karatu. Abokiyar aikina Ladi ce ta hango sunana: Hadiza, Nasarawa Gwom. Ta karanta da ƙarfi, wai na yi kuka har na kasa cin tuwon acca, wai Allah ya ba ni miji irin jarumin littafin. Har Oga Bitrus sai da ya tsayar da kekensa ya yi dariya.

Ni ba haka na rubuta ba. Cewa na yi mutumin nan mayaudari ne. Wata shida bai leƙa yarinya ba, ya dawo da kwalbar turare, ta yafe masa. Rainin hankali ne. Shafi biyu na cika.

Da farko marubuciyar na zarga, don sauran wasiƙun ma duk yabo ne. Amma ita da ke Kano, me ya haɗa ta da acca?

Sai na tuna ranar da zan kai wasiƙar ruwa ya hana ni fita, ƙanwata Rabi na aika gidan waya, ban ma liƙe ambulan ba. Ita ce ke kwana da na ɗaya a ƙarƙashin matashi.

Da na tambaye ta ɗazu ta ce, "Yaya, ni fa a akwati kawai na jefa." Ba ta kalle ni ba.

Ga ta can kwance, ta buɗe shafin baya na sabon littafin tana murmushi, sai ka ce sunanta ne a wurin.