Matata ta ce ko in bar mata tukunyar gashi ko ta tafi Kucheri

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana. Jama'a don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna.

Ranar Asabar ƙarfe bakwai da kwata na safe, muna tsakar gida mu uku, ni da matata da yayanta da ya taso daga Bungudu takanas don ya yi mini faɗa. Ya iske ni tsugune gaban murhun gawayi. Bari in bi abin daki-daki.

Da farko, ni direba ne, ina jigila tsakanin Gusau da Tsafe. Bara likita ya ce sugana ya hau, ya hana ni shayin tasha da fanke, kuma su ne karin kumallona shekara da shekaru. Wata nas ta koya mini yadda ake gasa ot, hatsin nan na leda da ake damawa kamar koko. Kofi biyu na ot, kofi ɗaya na dakakkiyar gyaɗa, riɗi kaɗan, ƙwai biyu, ayaba ɗaya, dabino uku ba huɗu ba. A cakuɗa, a danne a faranti, a ɗora cikin tukunya mai yashi a ƙasa, minti ashirin da biyar. In ya huce a yanka kamar kantu. Biyu nake sawa a aljihu, su kai ni azahar.

Na biyu, na damƙa wa matata aikin. Wata biyu ina ci ina yabon hannunta, sai na koma awo aka ce sugan ya ƙaru. Da na matsa mata ta amsa cewa tana zuba suga cokali uku, wai tausayina take ji, kuma innarta ta ce ba a ba maigida abu salam. Ban zage ta ba. Na karɓi tukunyata kawai, duk Asabar ni ke gasawa, kuma sugan ya sauka.

Na uku, magana ta fita. A wani suna da ta je, mata suka yi ta tambayarta ko ni ke tuƙa tuwo ma, wata ta ce ta ba ta sunan malaminta. Ta dawo tana kuka, ta kira yayanta.

Shi kuma ya yi ta jero mini cewa madafi hurumin mace ne, na tozarta ƙanwarsa, ana cewa ta mallake ni. Na miƙa masa yanka ɗaya ya ci, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Sai ya ce, "Abin da daɗi hwa, amma dai ba aikinka ba ne." Da zai tafi ya ce in ƙunsa masa huɗu.

Na kawo sulhu, ni in auna ita ta gasa. Ta ce, "Shekara sha shida ina girki ba wanda ya taɓa auna mini." Ta ba ni zuwa Juma'a, ko in sakar mata tukunya ko ta tafi gidansu Kucheri. Jakarta tana bayan ƙofa, na gani.

Ba na son ta tafi, uwar 'ya'yana ce kuma ba ta taɓa cutar da ni da gangan ba. Amma ni aka auna wa jini, ni ke ɗaukar mutane a mota, in ido ya rufe mini a hanya ba matan suna za su riƙe sitiyari ba. Tukunya kam ba zan saki ba, kada wanda ya ɓata lokacinsa a nan.

Abin da nake nema, musamman daga matan da ke nan, ku faɗa mini kalmar da zan gaya mata kafin Juma'a ta kwance jakar nan, ba tare da na miƙa mata kofin awo ba.