Jitar Baba da Kwalbar Turarensa

Doña Amparo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kafin in aikata abin da za a daɗe ana ba da labarinsa a garin nan na Lebrija. Ina rubuto miki ne cikin tsabar baƙin ciki.

Bikin 'yata Nieves watan gobe ne. A gidanmu, tun ina yarinya, amarya ba ta fita sai ta taka rawa a tsakar gida da kiɗan jitar babanmu Anselmo, Allah ya jiƙansa. Da ita ya yi min kiɗa ranar aurena, da ita ya yi wa 'ya'yan 'yan'uwansa kaf. Da ya rasu, kiɗan ya koma hannun ƙanena Eusebio, wanda muke kira Sebio, don shi Baba ya zaunar ya koya wa. Ni abin da aka koya min shi ne riƙon tsintsiya. Jitar dai tana nan rataye a bangon falona inda Baba ya bar ta, domin a gidana ya yi jinya har ya cika. Sebio yakan zo ran Lahadi, ya ci abincina, ya sauko da ita ya kaɗa, ya mayar, ya share bakinsa ya tafi. Ko sau ɗaya ban taɓa ganin ya sa mata ƙyalle ba.

To, dangin ango za su zo cin abinci, kuma kin san mutanen garinsu Utrera da sa ido. Na shafe gidan da farar ƙasa ciki da waje, na wanke labule, na goge har bayan hotunan waliyyai. Ina ɗaga kai sai ga jitar nan ta yi dukun-dukun a tsakiyar farin bango. Wuyanta ya bushe ya yi furu-furu, ga wani baƙin tabo mai maiƙo a kafaɗarta, inda hannun makaɗi ke kwanciya. Ki gaya min tsakani da Allah, wace mace ce za ta bar wannan ƙazanta a gaban surukai?

Na sauko da ita a hankali. Wuyan na shafe shi da man zaitun, kuma ba na kanti ba, namu na gona, tatsar farko, wanda ni kaina nake ƙyashin soya ƙwai da shi. Da irinsa uwata ta riƙa shafa akwatin aurenta da ƙofar gida da cokulan katako, kuma ba wanda ya taɓa tsagewa. Tabon kuwa na sa ruwa bai fita ba. Sai na tuna da ragowar turaren Baba, irin na babbar kwalbar nan da yake kwarara wa kansa da wuyansa kowace safiya. Na ce ai ko ba komai jitar ta yi ƙamshin mai ita. Na jiƙa auduga na murza, tabon ya fita tas. Sai dai audugar ta riƙa mannewa, ta koma kalar zuma, wurin kuma ya yi fari ba sheƙi, faɗin tafin hannuna. Na ce in ya bushe zai dawo. Bai dawo ba.

Ran Lahadi Sebio ya shigo da fito a bakinsa kamar kullum, ya sauko da ita, ya shinshina wuyan, ya ce, "Yaya, salak kika mai da ita? Saura gishiri da tumatir." Na yi dariya, na zaci tsokanarsa ce ta yau da kullum. Sai idonsa ya kai kafaɗar. Wallahi Doña Amparo, ban taɓa ganin fuskar yaron nan ta yi haka ba, ko ranar jana'iza. Ya ce, "Ina hannun Baba?" Na ce wane hannu kuma, datti ne na cire. Ya ce, "Shekara da shekaru a nan yake kwantar da hannunsa. Duk Lahadi a kansa nake ɗora nawa. Shi ne kika kankare shi kamar gindin tukunya." Ya ajiye ta a kan tebur, ya ce in ƙarasa aikina, in jefa ta injin wanki in shanya a igiya, kuma in nemi wani makaɗin, don shi ba zai yi kiɗan bikin ba. Ya fice, ko cokali bai sa a miyar da na zuba masa ba.

Abin da ke ƙona min rai ke nan. Wa ya yi jinyar mai hannun? Wa ya riƙa juya shi a gado, yana wanke masa wannan hannun da soso, yana gyara masa farce, har da dogayen faratan dama na kiɗa da bai taɓa yarda wani ya taɓa ba? Sebio yana can Sevilla yana kaɗa wa 'yan yawon buɗe ido, sai dai ya bugo waya, "Yaya, ya jikin tsoho?" Yau shi ne mai kuka a kan gumin Baba. Gumin Baba ni na san shi, ni na wanke shi daga zannuwan gado har fatar hannuna ta tsage. A kan wannan ba wanda ya ce min sannu. Amma na taɓa katako, an mai da ni mai kisan kai.

Matarsa Encarna kuwa, wadda ko ƙurar talabijin ɗinta ba ta iya sharewa, ta bi kasuwa tana shelar wai na soya jitar Anselmo. Jiya na tsaya wurin mai kifi, a gaban mutane ya ce min, "Uwar amarya, yau me za a soya, kifi ko jita?" Saura kaɗan in kifa masa tiren a ka. Na dawo gida na tarar da Nieves ta kumbura fuska, wai in ba Kawu Sebio ita ba za ta yi rawar ba, a kai ta haka nan shiru. Har da ce min, "Mama, ke komai sai kin goge." 'Yar da na haifa fa.

Ban zauna ba. Na hau bas na tafi Jerez wani shagon kayan kiɗa, na tarar da kanta guda cike da kwalabe. Ga man lemun tsami na wuya, ga ruwan sheƙi na jiki, ga na fesa wa tsirkiya, ga kakin gogewa, har da wani ɗan soso da ake jiƙawa a rataya cikin ramin jitar. Mai shagon ya tsare ni da tambayoyi kamar ɗan sanda, wa ya ƙera ta, wane irin shafe ne a jikinta, wai in kawo ya gani. In kawo? Don mutanen Jerez su ma su samu abin dariya? Na ce ya zuba min ɗaya-ɗaya daga kowanne. A gida kuma ina da abin fesa wa tebur da kujeru, maƙwabciyata ta rantse min fesa biyu zai rufe wurin.

Ga su nan jere a gabana, ga jitar a kan tebur. Da wanne zan fara, da wanne zan gama? So nake in aika masa da ita tana walƙiya, ya ji kunya, ya zo ya yi wa yarinyar nan kiɗa. Haƙuri kam ba zan ba shi ba, ni ce babba, ni na rene shi. Amma idan 'yata ta fita gidan nan ba kiɗa, ban san da wane ido zan ƙara kallonsa ba, ko ita.

Yayar makaɗi, daga Lebrija

*

Yayar makaɗi, sannu da ɗawainiya, sannu kuma da jinyar da ba a ce miki sannu ba. Kafin ki ƙarasa karanta amsata, ki tashi ki kwashe kwalaben nan ki ɗora su saman kabad. Kada ko ɗaya ya kusanci jitar, musamman abin fesa wa kujeru.

Tsofaffin jitocin da aka ƙera da hannu a ƙasarmu ba fenti ne a jikinsu ba. Wani ƙaro ne ake narkarwa cikin sifirit, ruwan nan da ake goge fata da shi kafin allura, a bi katakon da shi da ƙullin ƙyalle, siriri a kan siriri, don amon ya samu fita. Abin da ya narkar da shi ranar farko shi ke narkar da shi har abada, turare kuwa yawancinsa sifirit ne. Kalar zumar da kika gani a auduga shafen ne kansa, kuma babu kwalbar da za ta mayar da shi. Abin fesa wa kujeru ya fi komai haɗari yanzu, domin yana barin wani santsi da zai shige katakon ta inda ya tsiraita, daga nan ko maƙerin jita ya shafa sabo da ƙyar zai kama. Man zaitun da sauƙi. Laifinsa ba ya bushewa, yana daɗewa ya yi danƙo da wari, ya toshe muryar tsirkiya. Busasshen ƙyalle da sababbin tsirkiyoyi za su kawar da yawancinsa.

Tambayar da mai shagon ya yi miki ita ce tambayar gaskiya: ba a sayi komai don jita sai an san irin shafen da ke jikinta. Kulawar yau da kullum kuwa ba ta buƙatar kanta guda. Tsohuwar rigar auduga mai laushi, busasshiya, a bi jiki da tsirkiya da ita bayan kowane kiɗa. Hannu a wanke kafin a ɗauka. Man wuya ɗigo kaɗan ne, lokacin sauya tsirkiya, a kan baƙin allon da yatsu ke dannawa kaɗai, shi ma ba kowace sauyawa ba. Ɗan soson nan yana da amfani idan iska ta bushe da bazara, shi kaɗai za ki ajiye cikin sayayyarki. Kuma jita irin wannan akwati take so, ba bangon falo ba.

A nan Sebio yana da nasa laifin. Ya bar abu mai daraja haka a gidan mace mai tsafta irinki, bai taɓa buɗe baki ya ce kada a taɓa ba. Maganar injin wanki rashin kunya ce ga yayarsa, kuma hukunta Nieves a kan abin da ba ta yi ba ba adalci ba ne. Ke ma ga naki: kin sa hannu a abin da ba ki san sirrinsa ba, alhali bugun waya ɗaya ya isa. Da shi ne ya shigo kicin ɗinki ya kankare tsohon kaskon uwarki da sabulu da soson ƙarfe don ya ga ya yi baƙi, da Lebrija ba ta kwana lafiya ba.

Kin ce ke kika san gumin Baba, kuma gaskiyarki ce. Ke kin samu mutumin har numfashinsa na ƙarshe. Sebio bai samu ba, kuma ya san bai samu ba, ba sai kin tuna masa ba. Ina kyautata zaton ba lalaci ne ya hana shi sa wa wurin ƙyalle ba. Shi ne ɗan abin da ya rage masa na mahaifinsa.

Don haka kada ki aika masa da ita, kuma kada ki yi ƙoƙarin ɓoye wurin. Ki sa ta a akwati yadda take, ki kai masa da ƙafarki. Ranar kada ki ambaci biki, kada ki ambaci jinya, waɗannan maganganun suna da tasu ranar. Ki ce masa ba ki sani ba, da kin sani da ba ki taɓa ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta rage girman kowa. Sannan ku je wurin maƙerin jita ku biyu, ki bar Sebio ya zaɓa ko a sake shafa wurin ko a bar shi haka. Ko ba a gama kafin biki ba, jitar za ta yi amo yadda ta saba. Encarna da mai kifi ki ba su mako biyu, za su samu wani abin soyawa.

Ba zan yi miki alkawarin zai yi kiɗan ba, don ban san zurfin ciwonsa ba. Tabon Baba dai ya tafi, kada wani mai kwalba ya ruɗe ki. Sabo kuwa hannu ne ke yin sa, shekara da shekaru, kuma hannu ɗaya ya rage muku a duniya da zai iya, na ƙaninki. In kika bari ya tafi don ke ce babba, jitar za ta zauna a wurinki tsaf-tsaf, ba mai sake ɓata ta.

Allah ya sanya albarka a auren Nieves, ya sanyaya zuciyarku ku biyu.

Doña Amparo