Kafso Ɗaya Sau Uku a Rana

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Asibiti,
Ta hannun Shugaban Sashen Ba da Magani.

Daga:
Matar majiyyaci mai kati lamba 4471,
Tela, shago na uku a layin bayan tashar mota.

Litinin, 6 ga Mayu, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KUSKUREN DA KE JIKIN TAKARDAR KWALBAR MAGANIN MIJINA, DA ROƘON A GYARA SHI KAFIN RANAR 20 GA WANNAN WATA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri a gare ka da ma'aikatanka, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a madadin mijina, wanda ma'aikatan jinyarku suka fi sani da Mai Agogo, domin gyaran agogo ne sana'arsa shekara talatin da takwas. Ni tela ce, hannuna ya fi sabawa da almakashi da allura. Idan lafazina ya kauce a wani wuri, a yi mini uzuri.

1. A ranar 9 ga Janairu aka yi wa mijina aiki a wannan asibiti, aka cire ƙari tare da wani ɓangare na gaɓar da likitoci ke kira fankiriyas, wadda ke fitar da ruwan narkar da abinci. Aikin ya yi kyau, kuma ba mu da abin faɗa sai godiya. A ranar 23 ga Janairu aka sallame mu. Likitan tiyata ya rubuta masa kafson da zai maye gurbin wancan ruwa, mai ƙarfin dubu ashirin da biyar. Abin da ya rubuta, kamar yadda na gani da idona daga baya a cikin fayil, shi ne kafso biyu tare da kowane babban abinci, kafso ɗaya tare da kowane ƙaramin abinci. Da yake an umarce shi ya riƙa ci kaɗan-kaɗan har sau shida, lissafin ya kama kafso tara a rana.

2. A wannan rana, a taga ta biyu ta sashen ba da magani, aka miƙo mana kwalba mai kafso casa'in. A jikinta an manna takarda bugun na'ura mai cewa: kafso ɗaya sau uku a rana. Babu kalmar abinci a ko'ina a jikinta. Ba wanda ya yi mana wani bayani, layi ya yi tsawo, na bayanmu na ta tsaki.

3. Ya zama dole in bayyana halin mijina, domin ba za a gane girman ɓarnar ba sai an san shi. Mutum ne da bai taɓa buɗe bayan agogo ba sai ya karanta takardar kamfanin da ya ƙera shi. A wurinsa baki yana mantuwa, hannu yana kuskure, amma abin da na'ura ta buga ba ya ƙarya. Da ya karanta sau uku a rana, sai ya raba awa ashirin da huɗu gida uku: shida na safe, biyu na rana, goma na dare. Ya saita agogo bakwai a shagonsa, biyu a gida. Idan ƙarfe biyu ta buga, har mai wankin hula da ke maƙwabtaka da shi yakan leƙo ya ce lokacin magani ya yi. Na safe yana haɗiye shi da shayi mai zafi, ciki babu komai. Na rana kuwa sai awa guda cur bayan ya gama cin abinci. Kwana tamanin da biyar ya yi a haka bai saɓa ko da minti ɗaya ba, yana alfahari da hakan, ni ma ina taya shi.

4. A gafarce ni da abin da zan rubuta a nan, larura ce ta sa. Tun daga watan Fabrairu bahayarsa ta koma fari-fari, mai maiƙo, tana yawo a kan ruwa, da warin da ke sa shi kunyar haɗa ido da ni idan ya fito. Yakan zaga sau bakwai, sau takwas a wuni. Cikinsa ya kumbura, hannuwansa suka tsotse. Ni kuma da na ga maiƙo, sai na ɗauka mai ne ya yi masa yawa, na janye masa mai da ƙwai da madara, na koma ba shi farar shinkafa da gasasshen burodi. Wannan laifina ne, na amsa shi, kuma ba na jin zan yafe wa kaina nan kusa. An sallame shi yana da kilo sittin. Ba ni da sikeli a gida, amma ina da tef. Ƙugunsa inci talatin da huɗu ne tun aurenmu. Na rage masa wanduna sau huɗu, yanzu yana inci ashirin da takwas, aljihunan baya sun kusa haɗuwa.

5. A ranar Laraba 17 ga Afrilu, jami'ar kula da abincin majiyyata, Allah ya saka mata da alheri, ta nemi ganin kwalbar. Ta karanta, sannan ta kai mu wurin likita da kanta. A nan muka fara jin cewa wannan magani ba ruwansa da agogo. Sai ya gauraya da abinci a ciki yake aiki, don haka da lomar farko ake haɗiyarsa, da ruwa mai sanyi, domin zafi na kashe ƙarfinsa. Kafson da aka sha babu abinci ya tafi a banza, abincin da aka ci babu kafso shi ma ya tafi a banza. Ke nan wata uku muna zuba ruwa a kwando. Likita ya sake rubuta umarninsa da babban baƙi, ya sa hannu, ya buga hatimi. Nauyin mijina a ranar kilo hamsin da ɗaya.

6. Daga nan aka shiga je ki ki dawo. A ranar 18 ga Afrilu na kai takardar likita taga ta biyu. Ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ba na ƙararsa. Ya juyo mini da fuskar na'urar, ya nuna mini cewa gurabe huɗu ne kawai a cikinta: sau ɗaya, sau biyu, sau uku, sau huɗu. Babu gurbin tare da kowane abinci, kuma na'urar ba ta sakin wata kwalba sai ta baya ta cika kwana talatin. Ya tura ni ofishin masu kula da na'ura. A can aka ce mai ikon ƙara gurbi yana hutu. A ranar 22 ga Afrilu aka ba mu sabuwar kwalba, kafso casa'in, da takarda iri ɗaya sak da ta farko. A ranar 29 na koma, aka ce mai ikon ya dawo amma yana taro. A ranar 2 ga Mayu aka ce in rubuto a hukumance. Ga shi na rubuto.

7. Halin da muke ciki a yau shi ne wannan. Idan mijina ya bi umarnin likita, kwalbar za ta ƙare cikin kwana goma, ya zauna kwana ashirin babu ko ɗaya. Ban da haka, ya ƙi yarda ya wuce abin da aka buga. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira yayarsa ta yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: da asibiti na nufin tara, da asibiti ya buga tara. Abin da ya ɗauka daga bayanin likita shi ne kada a raba magani da abinci, sai ya ɗauke abincin ya kai shi wurin agogo. Yanzu sau uku yake ci, shida da biyu da goma, da kafso ɗaya-ɗaya, rabin abin da ya kamata. Ƙananan abincin uku kuwa ya daina taɓa su, wai ba zai yi asarar girkina ba. Ina ajiye kwano a gabansa, yana kallon bango yana jiran allurar agogo ta kai.

8. A ranar 2 ga Mayu nauyinsa ya sauka zuwa kilo arba'in da tara. An riga an ɗage masa maganin da ake ɗaura masa ta jijiya, na kashe ragowar ciwon, har sau biyu saboda rama. Likitan ya gaya mana a fili cewa ranar Litinin 20 ga Mayu za a sake ɗora shi a sikeli. Idan bai koma hamsin da ɗaya ba, jikinsa ba zai ɗauka ba, za a dakatar da maganin gaba ɗaya. Na san abin da hakan ke nufi, ba sai an fassara mini ba. Kwana goma sha huɗu suka rage, kilo biyu muke nema.

Bisa ga haka, ina roƙon mai girma Shugaba, cikin ladabi, ya ba da umarni a yi abu uku. A saki wa mijina kafso ɗari biyu da saba'in a wata kamar yadda likitansa ya rubuta, daga wannan mako. A ƙara wancan gurbi a cikin na'urar, domin na ga wasu masu irin kwalbarmu a layin, ban san me aka manna musu ba. Na uku, wanda ya fi komai a wurina, a buga sabuwar takarda da na'urar asibiti, mai tambarin asibiti, ta ce kafso biyu tare da babban abinci, ɗaya tare da ƙarami. Kada a gyara ta da biro. Ba zai yarda da ita ba, na san mijina.

Na haɗo da kwafin takardar likita ta 17 ga Afrilu, da takardar da na ɓamɓare daga tsohuwar kwalba. Na kuma haɗo da madaurin agogon hannunsa. Hudoji biyar na farko na kamfani ne, ukun da ke biye shi ya huda su da kansa, ɗaya bayan ɗaya, yayin da hannunsa ke ramewa. Za a ga babu sauran wurin huda na huɗu.

Ban zo neman a hukunta kowa ba, ranka ya daɗe. Layi ɗaya nake roƙo a buga mini a takarda. Zan kasance a bencin da ke gaban ofishinka kowace safiya daga ƙarfe takwas har Allah ya sa a kira ni.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ganin irin wannan a gidanka.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Matar Mai Agogo,
Kati lamba 4471.