Cokali Biyu na Sukari

Bukan Sidi, Lafiya,
6 ga Maris, 1989.

Ƙanwata Iyatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Malam Muntaka da yara, yaya sanyin Jos, yaya kuma jikin naki? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Ga wata takarda nan na kwafe miki da hannuna. Wata 'yar kasuwa ce ta zo da ita daga Legas. Abin da aka rubuta a ciki shi ne kwana bakwai ba abinci, sai ruwan zafi da lemun tsami. Wai teɓa narkewa take yi, ciwon suga kuma ya tafi ke nan. Ni da aminiyata Sailuba za mu fara ranar Asabar. Mun ma daina bin maƙwabciyarmu Doose gona a ƙasa, tafiyar da nas ta ɗora wa Sailuba saboda sugarta. Wata shida muna jan ƙafa muna cin tuwo kamar na jariri, ba wanda ya ce mun rame. Tunda ke ma ciwon nan ya sa ki gaba, ki gwada. In kin zo da Sallah sai a rasa wace ce yayar.

Taki,
Jumai.

Bukan Sidi, Lafiya,
17 ga Maris, 1989.

Ƙanwata Iyatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki a kan ƙafafunki. Ban kai ta gidan waya ba, Iorchia direban motar doya na ba.

Sailuba ta rasu ranar Litinin. Jiya aka yi sadakar uku.

Ni a rana ta biyu na karya, na ci ɗumame a ɓoye, kunya ta hana ni gaya mata. Ita kuwa kin san ta da kafiya. Ba ta ci komai ba, kuma kullum da safe sai ta haɗiyi ƙwayar asibiti kamar yadda ta saba. Ranar Litinin da hantsi muna zaune a zaurena, Doose ta dawo daga hanyar Kwandere da kwandon rogo, ta tsaya tana mana tsiya wai mun gudu mun bar ta. Sai Sailuba ta kama rawar jiki, gumi ya jiƙa mata riga, magana ta sarƙe mata.

Doose ta ajiye kwando, ta ruga ɗakina ta ɗebo sukari a cokali. Ta ce mini da gurguwar Hausarta, "Maman Lawal, ba shi suga, yunwa ne." Na riƙe hannunta. Na ce mata mai ciwon suga za ki ɗura wa sukari, kashe ta za ki yi? Na buge cokalin, sukarin ya watse a ƙasa. Kafin a samo mota a kai ta asibiti ta daina gane mu.

Nas ɗin nan da muka raina shawararta ita ta karɓe mu. Da na gaya mata zancen takardar, sai ta dafa kafaɗata ta ce ƙwayar da take sha ba abinci a cikinta ita ta zuƙe sukarin jininta, kuma da an ba ta ko cokali biyu tun tana iya haɗiya, da wataƙila da ƙafarta za ta koma gida. Ba ta san abin da na yi ba. Doose tana tsaye a bayana, har yau kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Iyatu, tsoro nake ji. Na share zauren nan ya fi sau goma, amma tururuwa ba su daina taruwa a wurin ba. In na ji ana juya shayi, ƙarar cokali a kofi sai ta tsinka mini zuciya. Jiya Babandi mijin Sailuba ya zo har gida ya yi mini godiya, wai na tsaya wa matarsa har ƙarshe. Na amsa masa da bakina.

Yau da safe Doose ta ƙwanƙwasa ƙofa, ta ce in ɗauko mayafi. Na bi ta har gona muka dawo, ta zaunar da ni ta sa na ci doya da miyar ganye. Abin da nas ta ce ke nan tun farko: a ci kaɗan a kan lokaci, a taka ƙasa, a sha magani. Mu muka ga ya yi mana sauƙi da yawa.

Ban sani ba ko wasiƙata ta farko ta iso, ko kin riga kin fara. Don Allah ki ƙona takardar nan. Na roƙi Iorchia kada ya baro ƙofar gidanku sai ya ga kin ci abinci da idonsa. Ki ba shi amsa ko da layi ɗaya ne, amma da rubutun hannunki, kada Malam ya rubuta miki.

Yayarki mai neman gafararki,
Jumai.