Sauran Jinin Zuwera

Tanti Balkissa, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan gaya wa.

Ɗiyata Zuwera ta rasu bara, ciwon emasi ne, amosanin jini. Ƙanwata Iklima bincike take yi a kan ciwon. Kafin rasuwar ta roƙe ni ta ɗebi jinin yarinyar, na yarda. Ta ce waje suke aikawa da shi, inda wata na'ura ke auna nauyin furotin ɗin jini, ta nuna abin da ke manne masa ya canza shi idan ciwon ya tashi. Ban fahimta sosai ba, na ɗauka magani za a samo mata.

Kwanan nan muna gyaran zogale, Iklima ta ce mini, da murnarta, jinin Zuwera ya ba su sakamako mai kyau, wai sauran yana firigon labo, wato firjin ɗakin bincikensu. Tun ranar abinci ba ya shiga. Mun binne ta, ashe wani abu nata yana cikin sanyi da lamba a jiki. Yarinyar nan tsoron allura take, ni na riƙe ta aka ɗiba. Da na sani da ban yarda ba. Ina so a ba ni in binne, amma ina jin nauyin Iklima, ita ta yi jinya tare da ni. Baban yarinyar ma bai san akwai saura ba.

Wata uwa, daga unguwar Lazaret

Ƴar'uwa, Allah ya jiƙan Zuwera. Ba ki yi laifi ba, lafiya kika nema mata.

Fara gaya wa babanta, shi ma ɗiyarsa ce. Sannan ki zauna da Iklima, ki faɗa mata abin da kika faɗa mini. Ta yi kuskuren ba ki labari haka kai tsaye, amma ina zaton wannan aikin shi ne hanyarta ta yin makoki.

Kina da damar janye izininki. Abin da na'ura ta riga ta auna ba ya dawowa, sauran kuwa ki tambayi yadda dokar labon ta tanada. Ki nemi malamin da kika amince da shi a kan batun binnewa. Idan kika bar shi, wataƙila ya amfani wasu yara, ko da yake babu mai ba ki tabbaci. Idan kika janye, ba ki cuci kowa ba.

Kada ki yanke hukunci da yunwa. Ki ci abinci tukuna. Allah ya sanyaya miki zuciya.